Ranar Da Na Damƙe Hannun Surukina

Shekaru sun ja, na manta sunayen tituna da yawa na Guangzhou, na manta fuskokin mutane da dama da muka yi ciniki da su, amma akwai yini guda da ya ƙi fita daga kaina, kuma na san da shi za a binne ni. Shi ne ranar da na daka wa surukina tsawa, na kuma damƙe masa hannu a gaban mutane. Ni ɗin nan, da bakina da hannuna. Har yau in na tuna sai kunnuwana su ɗau zafi, daga baya dariya ta kufce mini.

A shekarar da ƙasar Sin ta karɓi wasannin Olamfik ne. Lokacin ina zaune a Guangzhou, ina sayen fitilu masu caji da batura da ƙananan farantan sola ina turawa Kano. Duk wanda ya san ni a can ya san ina da baki. Ba na barin ko ta kwana. Da ɗan guntun Sinancin da na tsinta a kasuwa nake faɗa da direban tasi, in yi da mai shago, in yi da ɗan dako, kuma ba na yarda a ce ni aka ka da. Amma mutum ɗaya ne a duniya da in na gan shi bakin nan nawa ke mutuwa murus, shi ne mahaifin matata.

Baba mutumin Yawuri ne, fito yake yi a Kwara tun yana saurayi, yana ƙetarar da mutane da kayansu ranar kasuwa. Dogon tsoho ne, baƙi, mai faɗin tafin hannu, ba ya magana sai ta kama. Tun da na auri 'yarsa, tsakanina da shi gaisuwa ce kawai. In cire takalmi tun daga nesa, in tsugunna, in sunkuyar da kai, ya ce "Lafiya lau", in tashi in sulale. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. Shi ma ba ya kiran sunana, sai dai ya ce "mutanen Kano". Haka muka tashi muka ga ana yi, kuma ban ga laifin hakan ba.

Wata rana mai ɗakina ta bugo waya tana dariya ta ce, "Albishirinka, Baba na nan tafe wurinka." Na ce wane Baban? Ta ce, "Baba nawa gare ni?" Wallahi saura kaɗan wayar ta faɗi. Ashe tsohon nan ya daɗe da burin jirgi mai fitila. Jirginsa na katako ne, in magariba ta riske shi a tsakiyar ruwa sai dai wani fasinja ya haska masa tocila, ga mata da goyo, ga awaki, ga buhuna. Ya ji labarin a Sin ana yin jirgi mai rumfa da sola a kai, ya ce kafin ya ajiye sana'a sai ya tuƙa irinsa. Na ce ai da an faɗa mini sai in saya in turo. Ta ce ta faɗa masa haka, ya ce mutumin da bai iya iyo ba ba zai zaɓa masa jirgi ba. To, ya fi ni gaskiya, don ni ko a kududdufi ban iya ba.

Da na ga abin da gaske ne sai na garzaya wurin wani abokina Bamaraɗe, mai sarin wandunan jins yana kaiwa Nijar. Mutum ne mai raha da son ado, ko zafi ya kai ina ba ya rabuwa da babbar riga ta farar shadda. Na ce masa, "Don Allah ka rufa mini asiri, surukina zai zo, ni kuma ba na iya yi masa magana." Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Kai da ke zagin Sinawa da yarensu? To shi ke nan, na zama tafinta." Haka kuwa aka yi. Duk zaman da Baba ya yi a garin, in Basine ya yi magana sai in juya wa Bamaraɗe da Hausa ƙasa-ƙasa, shi kuma ya juya wa Baba da Hausa da ƙarfi. Tafinta tsakanin Hausa da Hausa, ka ji aiki. Sinawan suka ɗauka yare biyu muke yi.

Muka yi ta yawo har Allah ya haɗa Baba da jirgin da ya kwanta masa. Ba na katako ba ne, irin na faiba ne, wato roba mai tauri, fari da shuɗi, da rumfa, a saman rumfar an ɗaura manyan farantan sola guda biyu. A ƙarƙashin bencin baya akwai batura biyu manya, ga fitila a gaba, ga fitilu a cikin rumfa, ga famfon da ke kwashe ruwa in ya shigo. Aka sa shi a kogin da ke kusa da Xintang don gwaji. Ranar na fara ganin haƙoran Baba. Ya juya jirgin nan hagu, ya juya shi dama, ya kunna fitila ya kashe, ya sake kunnawa, da rana tsaka. Ni kuwa ina maƙale da ƙarfen rumfa ina karanto duk addu'ar da na sani. Ya dubi Bamaraɗe ya ce, "Ce wa mutanen Kano su saki ƙarfen nan, ba ya gudu."

Murna ba ta daɗe ba sai ga matsala. Na kira wakilin da ke yi mini lodin kwantena a tashar Nansha, ya ce "Meyo, meyo", wato babu. Saboda wasannin nan an tsaurara komai, shi dai ba zai karɓi kaya mai manyan batura ba sai an gama an watse. Na yi faɗa, na yi lallashi, na kira shi lawban, wato maigida, ya fi a ƙirga, bai motsa ba. Ga bizar Baba ta zo ƙarshe, kuma a watannin nan ba a sabuntawa yadda aka saba. Masu jirgin suka ce sun sayar, a zo a ɗauke, ba su da wurin ajiya. Damina ce, kuma daminar can ba irin tamu ba ce, iska take zuwa da ita daga teku mai tuge bishiya. In aka bar jirgin nan a waje wata da watanni, abin da za a tarar Allah kaɗai ya sani. Daren nan Baba bai taɓa abincinsa ba. Na san in jirgin nan ya lalace a hannuna, tsohon ba zai sake samun ƙarfin sayen wani ba.

Bamaraɗe ne ya samo mafita. Akwai wata mata Basiniya a Xintang da yake sarin jins a wurinta, tana da ƙaton sito mai babbar ƙofa. 'Yar gajeriya ce mai murya, kullum da almakashi rataye a wuya. Ta yarda a ajiye jirgin a lungun sitonta, amma da sharaɗi ɗaya. Ta nuna mana dilolin yadi jibge har rufi, ta shafo ƙurar auduga daga bango ta hure mana a fuska, ta ce ko ƙyallin wuta ba zai shigar mata sito ba. Sai an raba jirgin da wutarsa kaf, an fitar da baturan, sannan ya shiga. In ba haka ba, meyo.

Motar da za ta jawo jirgin ba ta samu ba sai ranar da Baba zai tashi. Jirginsa na sama da yamma ne, mu kuma sai da rana ta take muka iso ƙofar siton. Zafi kamar a bakin murhu, riga ta manne a jiki. Ga jirgi a kan tirela, ga matar nan tsaye da hannu a ƙugu, ga ma'aikatanta sun leƙo suna kallon baƙaƙen fata uku da jirgin ruwa a tsakiyar unguwar masu ɗinki.

Ni wannan aiki sana'ata ce, na san yadda ake bi. Ana kashe duk abin da ke jan wuta tukuna. Sannan a raba faranti da ɗan akwatin cajin da ke karɓar wuta daga rana ya zuba wa batir. Sai a ƙarshe a taɓa batir. Wanda ya fara da cire batir alhali rana na dukan faranti, yana iya ƙone akwatin nan, don wutar na zuwa ba ta da inda za ta zuba. Amma Baba yana hawa jirgin sai ya nufi bencin baya kai tsaye. A wurinsa, kamar kowane direba a gida, in ana son kashe abu batir ake cirewa, magana ta ƙare.

Na matso kusa da Bamaraɗe na raɗa masa, "Ce wa Baba a dakata da batir, sai an rufe rana tukuna."

Ya juya ya ce, "Baba, mutanen Kano sun ce wai sai an rufe rana."

Baba ya ɗaga kai ya dubi sama, ya dubi Bamaraɗe, ya ce, "Rana kuma? Wa zai rufe ta, shi?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na sake raɗawa, na nuna 'yar koriyar fitilar da ke jikin akwatin caji, na ce muddin tana ci, wuta na gangarowa daga rumfa. Mu mun tashi inda ake ɗauke wuta a kawo, mun saba da waya matacciya. Ita rana ba mai ɗauke ta, tana sama tana aiki. Sai an lulluɓe farantan sun ga duhu sannan a zare wayarsu lafiya. Bamaraɗe ya isar da saƙon, ya ƙara da nasa gishirin, har da cewa a Faransa ma haka ake yi, shi da bai taɓa zuwa Faransa ba. Baba ya ce, "To, a rufe."

Da me za a rufe? Na dubi dilolin jins na dubi matar. Ta gane nufina tun kafin in buɗe baki, ta kaɗa yatsa ta ce kayan mutane ne, ba a shimfiɗa su a rana. Sai idona ya faɗa kan babbar rigar Bamaraɗe. Ya ja da baya ya ce, "A'a, a'a, kada ka soma. Ka san daga ina aka yo mini aikin wuyan nan?" Baba ya ce, "Tuɓe mana, ɗana." Ba yadda ya iya. Ya tuɓe yana ƙunƙuni, ya rage daga shi sai 'yar shara, sai ga tumbi ya bayyana wanda duk shekarun nan riga ke rufa wa asiri. 'Yan matan da ke ɗinki suka fashe da dariya suna rufe baki. Na hau na baza rigar a kan farantan, ta rufe su ruf. Na sauko na duba akwati. Koriyar fitila tana nan tana ci abinta, ko gezau. Farar shadda ce, rana na ratsa ta.

Bamaraɗe ya ce, "Wato a banza na yi tsirara?"

Muna tsaye muna zufa, lokaci na tafiya, sai Baba ya buɗe jakarsa ya zaro dardumarsa ta salla. Ai kuwa sai na ce a raina, ka ji manya. A garin nan masallatai ba su da yawa, duk ɗan kasuwarmu da dardumarsa yake yawo a jaka, inda salla ta kama shi nan zai shimfiɗa. Ni da tawa, Bamaraɗe da tasa. Masu kauri ne, masu duhu. Na hau na shimfiɗa biyu, ta ukun na gicciya ta a tsakiya, amma gefe guda ya rage a buɗe. Matar nan da ke kallonmu ta yi tsaki, ta shiga ciki, ta fito da wani ragowar baƙin yadi ta wurgo mini. Na toshe gefen. Na leƙo na tambayi Bamaraɗe, ya duƙa ya duba ya ce, "Ta mutu! Walla ta mutu!"

Na zare wayoyin farantan ɗaya bayan ɗaya, na naɗe bakin kowacce da salatif, na ɗaura wa kowacce ƙyalle don a gane mazauninta ranar mayarwa. Ma'aikatan suka tafa mana. Bamaraɗe ya fizge rigarsa ya koma gefe yana kakkaɓe ta yana duba ko ta yi datti, sai kuma wayarsa ta yi ƙara, ya bi bayan mota yana zuba Faransanci da wani abokin cinikinsa. Ni ina saman rumfa ina kwance ƙusoshin faranti. Tafintana ya tafi, ban ma lura ba.

Da na sauko da ƙafa ɗaya sai na hango Baba. Ya ɗage bencin baya, ya durƙusa a gaban baturan, da doguwar sifana a hannu. Ya ga fitila ta mutu, ya ji an yi tafi, a wurinsa an ɗauke wuta ke nan, sauran aiki na ƙarfi ne, kuma ba zai tsaya yara na yi masa aiki a jirginsa yana kallo ba. Ya kafa sifanar a kan jan kan batir, inda jar waya ke ɗaure. Wutsiyarta tana lilo a saman ɗaya kan, baƙin. A yatsansa kuwa ga ƙaton zobensa na azurfa, wanda tun da na san shi ban taɓa ganin ya cire ba, yana goge jikin sifanar.

Wanda bai san batir ba ba zai gane abin da na gani ba. Baturan nan cike suke taf, don kwana da kwanaki rana na zuba musu, kuma haka ake so a ajiye su. In ƙarfe ya haɗa kawunan nan biyu, wutar da za ta bi ta cikinsa tana narkar da shi, in kuwa ta bi ta zobe, kafin mutum ya ce wayyo zoben ya yi ja a yatsansa. Ga tartsatsi, ga ƙofar sito a buɗe, ga ƙurar auduga. Hannun Baba, da jirgin, da amanar matar nan, duk suna kan juyi ɗaya na sifana.

Na waiga neman Bamaraɗe, ba shi. Na buɗe baki in ce "Baba", muryar ta fito kamar ta sauro, ni kaina ban ji ta ba. Na ga kafaɗarsa ta motsa zai murɗa.

Ban san lokacin da na diro ba. Sai dai na ji wata murya ta cika unguwar, irin wadda nake yi wa direbobin tasi: "Kai! Tsaya! Sake ta!" Na damƙi wuyan hannunsa na fizge sama da iyakar ƙarfina. Sifanar ta suɓuce, wutsiyarta ta shafi baƙin kan, ji kake tas! Wani farin haske ya walƙa, ƙarfen ya yi tsalle ya faɗa cikin jirgi yana ƙara. Matar ta ƙwalla ihu da yarensu.

Na duba, ga ni tsaye a kan surukina, hannunsa a cikin nawa, idona a cikin nasa. Tun da aka ɗaura mini aure ban san launin idonsa ba sai ranar. Na ce masa "kai". Na yi masa tsawa a gaban Sinawa. Na sake shi na zube a nan cikin jirgin na tsugunna, na sunkuyar da kai, na rasa ma ta inda zan fara ba da haƙuri. Abin da ke yawo a kaina kawai shi ne me zan faɗa wa mai ɗakina.

Bamaraɗe ya rugo da waya a hannu yana tambaya, "Mi ya faru? Mi ya fashe?" Ba wanda ya kula shi.

Baba ya miƙa hannu ya ɗauko sifanar, ya yi saurin sauya mata riƙo don da zafinta. Ya juya ta. A wutsiyarta wutar ta gutsure ƙarfe, ta bar gurbi baƙi kamar an ciza. Ya daɗe yana kallon gurbin nan. Sannan ya dubi zobensa. Ya sa yatsa a baki ya jiƙa, ya yi ta murɗa zoben har ya fita, wurin ya bar farin zagaye. Ya miƙo mini, ba ta hannun kowa ba, ya ce, "Riƙe mini. Tashi ka faɗa mini wacce ake fara cirewa."

Na saci kallon Bamaraɗe don ya karɓi maganar. Baba ya ce, "Ba shi na tambaya ba. Ashe kana da murya, ka bar mu muna ta wahala da wannan mai tumbin."

Bamaraɗe ya ce, "Baba, ni kuma mi na yi?" Dariya ta ƙwace wa Baba, irin wadda ban taɓa ji ba, har yana dafa benci. Ni ma na yi, amma hawaye ne ya fi yawa a tawa, don tsoro bai gama sakina ba.

Haka muka ƙarasa aikin, ni da shi, kai da kai. Na cire agogona na sa a aljihu tare da zoben. Na naɗe jikin sifanar da salatif, bakinta kawai na bari. Na ce, "Baba, baƙar waya za ku fara kwancewa, ita ce farkon fita, ita ce ƙarshen komawa." Ya ce, "To." Na ce a kauda ita gefe a naɗe bakinta. Ya ce, "To." Sannan ja. Duk abin da na faɗa sai ya maimaita a hankali, don ya san a Yawuri shi zai mayar da su da hannunsa. Muka rufe kawunan baturan, muka ciccibo su, nauyi kamar buhun gishiri. Matar ta nuna mana wata rumfa a bayan sito, nesa da yadi, mai inuwa da iska, ba ta yoyo. Muka ɗora su a kan katako. Na yi wa Baba alkawarin zan riƙa zuwa ina duba cajinsu kada su kwanta. Farantan kuma muka sauke su muka jingina, fuskarsu na kallon bango, da kwali a tsakani.

Matar ba ta yarda da bakinmu ba. Ta hau jirgin da kanta, ta danna kowane makunni, ta leƙa ƙarƙashin benci, ta shinshina. Da ta ga ba abin da ya motsa sai ta ɗaga babban yatsa ta yi wa ma'aikatanta magana, suka taru muka tura jirgin ciki, aka lulluɓe shi. Baba ya shafa gefensa kamar mai sallama da doki. Muka karɓo dardumanmu sun yi zafi rau, muka shimfiɗa a inuwar sito muka yi salla.

Da muka idar sai ga matar da kwano cike da lici, wani ɗan itace mai jan ɓawo da farin ciki mai zaƙi da ake ji da shi a yankin. Na ja jiki zan koma bayan mota kamar yadda na saba in an kawo abinci. Baba ya ɓare ɗaya ya miƙo ya ce, "Zauna ka ci. Wanda ya yi mini tsawa kuma kunyar me ta rage?" Na zauna na ci. Bamaraɗe yana ta zunguri na da gwiwar hannu yana cewa an kore shi daga aiki ba ko sallama.

Mun isa filin jirgin sama a kan lokaci, da ƙyar. Da aka zo rabuwa na laluba aljihu na fito da zoben na miƙa masa da hannu biyu. Ya dube shi ya ce, "Bar shi wurinka. Ranar da jirgi ya iso Yawuri ka kawo mini su tare."

Bayan an gama wasanni hanya ta buɗe, na yi lodin jirgin daga Nansha, na kuma bi shi gida daga baya. Na tarar Baba ya mayar da wayoyinsa da kansa, ja tukuna, baƙa a ƙarshe, sannan farantai, bai kuskure ko ɗaya ba. Da magariba ya sa ni a jirgin, ya kunna fitilar gaba, haske ya kwanta a kan Kwara, mutanen da ke bakin gaɓa suna ta sowa. Ina riƙe da ƙarfen rumfa, ba sai an faɗa ba. A tsakiyar ruwa na ciro zoben na miƙa masa. Ya nuna mini bencin baya da haɓa ya ce, "Ni da ke kwana da batir yanzu, me zan yi da zobe? Sa abinka."

Yana yatsana har yau, sai in zan taɓa batir nake cire shi. Baba ya tsufa ya bar wa 'ya'yansa fito, kuma har gobe in na je sai na cire takalmi daga nesa na tsugunna, wannan ba ta canja ba. Amma in na gama gaisuwa yakan jawo tabarma ya ce in matso, mu yi ta hira har a kawo tuwo mu ci kwano ɗaya. Abin da ranar nan ta koya mini shi ne kunya abu ne mai kyau, kuma ina koya wa 'ya'yana ita, amma in ka ga babba zai sa hannu a wuta, girmamawar da ta rage maka ita ce ka buɗe baki ka riƙe hannun. Da na tsaya jiran tafinta, da yatsan da ya ɓare mini lici ba ya nan.